Tsarabar Ummussalma

Ranar Talatar nan ta fara kamar kowace Talata a gidan Malam Umara Adam da ke Hadejia. Ƙarfe shida saura kwata ya dawo daga masallaci, ya tuɓe takalmansa na fata a bakin ƙofa, ya shiga ɗaki ya kunna rediyo. Da ya ɗaga labule don ya karɓi shayi, sai ya ga babbar 'yarsa tsugune a kan takalman. Tana jin motsinsa ta miƙe, ta ɓoye hannu a bayanta, ta gaishe shi. Bai tambaye ta abin da take yi ba. Ya ɗauka kunama take dubawa.

Ƙarfe bakwai aka zauna shan koko, kuma aka dawo kan gardamar da aka kwana biyu ana yi. Saura kwana goma sha ɗaya su kama hanya su huɗu, shi da matarsa Hajja Aisa da 'ya'yansu biyu mata, zuwa Jos da Lakwaja da bakin teku. Hajja Aisa ta kafe sai an tafi da tukunya da garin tuwo da kuka da daddawa. Babbar 'yar, wadda ita ce ta shirya tafiyar gaba ɗaya, ta ce tsaraba kaɗai ta isa ta cika bayan mota.

"Hajja, kwana goma za mu yi, ba tarewa za mu yi ba."

"Kwana goman da iska zan rayu? Ke da kika shekara a can kika dawo kamar sillen kara."

Ƙaramar, Amira, ta ce a bar Hajja ta tafi har da turmi, in sun isa Jos a sa mata shi a cinya. Hajja ta kai mata duka da ludayi, ta goce. Malam Umara yana jin su daga kan tabarma.

Ƙarfe takwas babbar ta fito da jakarta da dogayen takalman ruwa a hannu. Malamar gona ce, kuma lokacin yankan shinkafa ne. Ranar za ta tsallaka kogi zuwa wani ƙauye a cikin fadama, ta auna abin da gonakin gwaji suka bayar. Ta tsaya daga nesa kaɗan, ta ce, "Baba, na tafi." Ya ce Allah ya tsare. Idonsa na kan jarida.

Ƙarfe goma Modu direba ya zo, wanda aka yi shatar motarsa. Suka zauna a zaure suna lissafin hanya. Modu ya ce ta Ningi ta fi kusa, Malam Umara ya ce an riga an rubuta ta Bauci, kuma ba shi ya rubuta ba, don haka ba shi da ikon sokewa. Modu ya yi dariya, ya ce to a jira Malama ta dawo. Bayan azahar Malam Umara ya ci dambu, ya ɗan kishingiɗa. Da la'asar Hajja Aisa ta hura wuta a bayan madafa ta jera kifin tsaraba a kan raga, hayaƙi ya cika tsakar gida. Amira tana wanke mayafai.

Ƙarfe biyar da minti ashirin aka yi sallama. Maza biyu ne daga ofishin babbar 'yarsa. Ya shimfiɗa musu tabarma, suka ƙi zama.

Kwale-kwalen da ya ɗauko ta da wasu mutane daga hayi an loda masa buhunan shinkafa fiye da kima. A tsakiyar ruwa ya karkata. Mutum uku ba su fito ba. Masunta sun same ta kafin magariba a cikin ciyawar kacala, sanye da takalman ruwan nan da take sawa don gudun maciji. Takalman sun cika da ruwa. Aka yi mata sutura da safiyar Laraba, ƙarfe tara.

Sunanta Ummussalma. Shekarunta ashirin da bakwai da wata huɗu.

Sunan mahaifiyar Malam Umara aka sa mata, don haka a gida ba mai kiranta da shi. Dangin Hajja Aisa, waɗanda asalinsu daga bakin Tafkin Cadi suka taso, suka laƙaba mata Yagana, kowa ya bi. A makaranta da wurin aiki kuma Salma ake ce mata. Mutum ɗaya ne bai taɓa kiranta da ko ɗaya daga cikin ukun ba, shi ne mahaifinta. 'Yar fari ce, kuma shi ya tashi a gidan da ake kunyar ɗan fari ba da wasa ba. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In yana nemanta sai ya ce wa Amira ta kira yayarta, kafin a haifi Amira kuma sai ya ce, "Ina yarinyar nan?" Ya rubuta sunan ba adadi, a takardar haihuwa, a fom ɗin firamare, a na sakandare, a na jami'a, da kyakkyawan rubutunsa na malamin makaranta. Amma bakinsa bai taɓa furta shi ba. Abokansa da suka yi jami'a tare a Kano sukan zolaye shi, su ce duk digirin nan bai wanke masa ƙauyanci ba. Yakan ce digiri bai hana shi cin tuwo da hannu ba.

Ita ma ta iya nata ɓangaren. Ba ta zama kusa da shi, ba ta tambayarsa abin da ya shafi jikinsa ko aljihunsa. In tana son wani abu sai ta faɗa wa Hajja da murya mai ɗan ƙarfi, daidai yadda zai jiyo daga ɗaki. Amsa kuma takan dawo ta bakin Hajja.

Wuri ɗaya suke haɗuwa, gaban taswira. Malam Umara ya shekara talatin da biyu yana koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare, a Hadejia da Birniwa da Kafin Hausa. Yana da wata tsohuwar taswirar Najeriya mai bayan ƙyalle, rataye a ɗakinsa. Tun tana shekara shida takan shigo da sunan shara, ta tsaya tana kallo. Shi kuma sai ya fara magana kamar da bango yake yi. Ya bi kogin Hadejia da ɗan yatsa, ya nuna yadda yake gangarawa gabas, ya bazu a fadama, ya haɗu da na Jama'are, ya tafi Tafkin Cadi ya tsaya. Ruwanmu, in ji shi, ba ya zuwa teku. Sai ya hau da yatsan kan tsaunukan Jos, inda ruwan sama ɗaya ke sauka ya rabu, wani ya nufo mu, wani ya yi kudu. Ya bi na kudun har Lakwaja, inda Neja da Binuwai ke gamuwa, ya sauka da shi ƙasa har inda takarda ta koma shuɗiya. Tsintsiya na hannunta, ba ta share komai ba.

Ba ta san cewa bai taɓa ganin ko ɗaya daga wuraren nan ba sai da ta girma. Iyakarsa kudu Kaduna, sau biyu, wajen duba takardun jarrabawa.

Da aka tura ta bautar ƙasa Ibeno, a jihar Akwa Ibom, dangi suka taso a nemo hanya a dawo da ita kusa. Malam Umara ya ce wa Hajja ta gaya wa yarinyar nan ita ke da zaɓi. Ta tafi. Ta zauna a gidan wata dattijuwa mai sayar da kifi, Mama Ekaete, wadda ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Ranar da ta dawo, bayan an watse, ta tsaya a bakin ƙofarsa, a waje, tana kallon taswirar ta gefen labule.

"Baba, ba shi da hayi," ta ce. "Na duba, na duba. Babu tsallake."

Shi da ya koya wa ɗaruruwan yara faɗin tekun nan da lambobi, sai ya ji maganar ta tsaya masa a rai. Duk ruwan da ya sani a duniya yana da ɗaya gefen, ko a shekarar da ambaliya ta fi ƙarfi akan hango kan giginya a can. Ya ce, "Haka ne." Ya ƙara ƙarar rediyo.

Daga wannan shekara ta fara shirin kai shi. Ba abu ne mai sauƙi ba, don a unguwarsu ba a san tafiya ba dalili ba. Ana tafiya biki, ana tafiya ta'aziyya, ana tafiya asibiti ko fatauci ko aikin Hajji. Duk wanda ya ji sai ya tambaya wa ya rasu a can, ko wa ke aure. Da aka ce kallon ruwa za a je, wata maƙwabciya ta ce ruwan da ya rushe musu katanga bai ishe su kallo ba? Daga baya ta koyi cewa ziyara za su je, aka ƙyale ta.

Sai kuma neman lokaci, wanda a Hadejia kogi ke rabawa. Da damina ba a barin gida, don ba a san daren da ruwa zai shigo ba. Yana janyewa sai yankan shinkafa, ita kuma aikinta ke nan. Ana gamawa an shiga noman rani. Ta lalubo 'yar tazara ta kwana goma a ƙarshen Disamba, lokacin da Amira ke hutun makaranta. Shekarar farko ambaliya ta ci bangon gidan, aka yi Disamba ana gini. Ta biyu Hajja ta yi jinya. Ta uku aka ce hanya ba lafiya. A ta huɗu aka sa ranar aurenta da wani malamin asibiti, Abdulmannan, bayan ƙaramar Sallah. Ta gaya wa Hajja, da irin muryar nan da ake jiyowa daga ɗaki, cewa in ba bana ba, sai dai su je da surukai.

Otal bai shiga lissafinta ba, don ta san Hajja ba za ta kwanta a gadon da ba ta san wanda ya tashi a kai ba. Masauki ta nema, na mutane. A Jos, Talatu, ƙawarta tun jami'a. A Lakwaja, Misbahu, tsohon ɗalibin Malam Umara da ke fataucin kifi a can. A Ibeno, Mama Ekaete. Ta rubuta komai a littafi mai koren bango: ranar tashi, awa nawa a hanya, inda za a tsaya salla, inda ba za a bari la'asar ta yi musu ba. Kowane mai masauki kuma lambar Malam Umara ta ba shi, ta ce shi ne babba, shi za a kira ranar isowa. Ta haɗa kwali uku na tsaraba, tunda ba a shiga gidan mutane hannu na dukan cinya: shinkafar fadama, riɗi, turaren wutan da Hajja ta haɗa da hannunta, da ƙyafaffen kifin tarwaɗa wanda za a sa a sama ranar tafiya. A jikin kowane kwali ta rubuta suna da gari da baƙin alƙalami.

Wayarta ta tafi tare da ita cikin ruwa.

Kwana bakwai Malam Umara yana zaune a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Ya yi yadda uban 'yar fari ke yi. Ana cewa ya haƙuri, yana cewa haƙuri sai ma'aiki, da godiya. Idonsa bai kawo ruwa ba. Mutane suka tashi suna yaba tawakkalinsa. Ba wanda ya buƙaci ya faɗi wadda ta rasu, kowa ya sani. Modu ya zo, ya yi addu'a, ya tafi, bai ta da maganar mota ba.

Bayan an share makoki gidan ya yi shiru, kwalaye ukun suna nan jere a ɗakinta. Ba wanda ya ce an fasa tafiya, ba wanda ya ce ana nan a kan bakanta. Kifi kuwa ba ya jiran mai makoki. In aka bar shi kwana uku ba hayaƙi, ƙwari za su shige shi. Sai Malam Umara ya lura duk bayan kwana biyu, da la'asar, Hajja Aisa takan hura wuta a bayan madafa, ta jera kifayen nan a raga, ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar cikin kwando ta rufe. Ba ta sa ko ɗaya a miya ba, ba ta bayar ba. Bai tambaye ta ba. Shi ma kullum bayan sallar walaha yakan buɗe koren littafin ya karanta shafin da ya riga ya haddace.

Ranar Asabar da ya kamata su tashi, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

Talatu ce. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta yi ta neman Salma kwana da kwanaki ba ta samu, ta san halin fadama da rashin sabis. Ta ce ta aro barguna huɗu don sanyin Jos ba irin nasu ba ne. Ta sayi buta biyu, ta kuma tambayi wani maƙwabcinta Musulmi ina ne gabas, ta sa alama da alli a bango. Sun wuce Bauci?

Malam Umara ya dubi littafin. A lissafinta, a daidai wannan lokaci suna hawan tudun Toro.

"An ɗan ɗaga tafiyar," ya ce.

Ta ce ayya, lafiya dai ko? Ya ce sai alheri. Ta ce ko Salma na kusa? Ya ce ba ta kusa. Suka yi sallama.

Ya daɗe da wayar a hannu. Mutum ne da ya shekara talatin yana hukunta yara kan ƙarya, ya kuma auna kalmominsa ya ga babu wadda za a kama shi da ita. Wannan bai sa ya ji sauƙi ba. Amma akwai wani abin da ya fi wannan, wanda ya ji kunyar samunsa a ransa: a wani gida a Jos, yarinyar nan tana raye. An aro mata bargo. Ana ganin laifinta don ba ta kunna waya ba. Muddin bai buɗe baki ba, tana nan a can, tana tafe.

Ranar Litinin Misbahu ya kira daga Lakwaja. Shi labari ya riga ya kai masa ta bakin direbobin kifi, kunya ce ta hana shi kira tun farko, don bai san ta inda zai fara ba. Ya yi ta'aziyya, ya ce ya riga ya yi magana da mai jirgin da zai kai Malam daidai inda ruwan biyu ke gamuwa, ɗaya ja-ja ɗaya mai duhu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Ya ce jirgin na nan duk ranar da Allah ya yi. Malam Umara ya yi godiya. Wannan kiran bai yi masa wuya ba, don ba a nemi komai daga bakinsa ba.

Ranar Laraba ya kasa zama a ɗaki. Ya fito da kujera tsakar gida. Hajja Aisa na bayan madafa da kifinta, karo na bakwai, sun ƙanƙance sun yi baƙi. Amira na tsintar shinkafa. Biyar saura kwata wayar ta yi ƙara.

Muryar tsohuwa ce, mai ƙarfi, da Turancin kasuwa. Ta tambaya ko baban Salma ne. Ta ce ita ce Mama Ekaete, tana bakin ruwa tana jiran masunta su fito, don ba za ta ba baƙinta kifin jiya ba. Ta gyara ɗakin 'yarta, ta sayi sabuwar tukunya wadda ba a taɓa dafa komai a ciki ba, saboda Salma ta gaya mata halin mamanta. Ina suke yanzu? Sun wuce Uyo?

Layin ba shi da kyau. Wata ƙara ce ke tasowa ta rufe muryarta, ta ja baya, ta sake tasowa. Ya shirya irin amsar da ya ba Talatu, tana kan harshensa. Sai ya hango tsohuwa tsaye da kwando, da sabuwar tukunya a gida, za ta jira har duhu, gobe ma ta jira. Ya ce mata, da Turancinsa na aji, an yi musu rashi a gidan.

Ta yi salati irin nasu. Ta tambaya wa? Ya ce yarinyar. Ta ce wayyo, ƙaramar? Amira, wadda take gani a hoto? Ta ce ya ba Salma waya yanzun nan, ta san yadda take ji da ƙanwar nan tata. Ya ce ba ƙaramar ba, babbar. Ƙarar nan ta sake tasowa. Ta ce ba ta ji, kuma ba ta gane wannan zagaye-zagayen ba, shi malami ne, ya faɗa mata suna.

Ya dubi bayan madafa. Hajja Aisa ta tsaya da kifi ɗaya a hannu.

"Ummussalma," ya ce.

Sunan ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Tsohuwar ta ce ya ɗaga murya. Ya miƙe tsaye, a tsakiyar gidansa, a gaban matarsa da 'yarsa, ya faɗa da irin muryar da yake kiran rajista.

"Ummussalma. 'Yata Ummussalma ce ta rasu. Yau kwana goma sha biyar."

Amira ta kife fuska a cinya. A ɗaya gefen sai kuka can ƙasa-ƙasa, da ƙarar nan tana zuwa tana komawa. Sai ya ba ta haƙuri, ya ce layin ne ba kyau, yana ta shuu, zai sake kira in ya gyaru.

Ta ce ba layi ba ne. Ruwan ne.

Bai kashe ba, ita ma ba ta kashe ba. Ya koma ya zauna. Ya ji yadda ruwan yake tattaro kansa daga nesa, ya zo ya fashe, ya ja da baya yana jan yashi, kafin ya gama komawa wani ya taso. Ya ƙirga tazarar ba da niyya ba, wajen daƙiƙa tara. Ya yafito Hajja da hannu, ta zo tana goge hannu a zani, ya sa mata wayar a kunne. Ta saurara, ta saurara. Ta ce, "Haka yake yi kullum? Ba ya hutawa?" Ya ce haka yake yi. Sai a lokacin ya ji gemunsa ya jiƙe.

Kafin magariba ya kira Talatu. Ya ce mata ranar Asabar bai gaya mata gaskiya ba, ya nemi ta yafe masa. Wannan karon sunan bai tsaya masa a wuya ba. Bayan kwana biyu ta iso Hadejia da kanta, a motar haya, ta kwana uku a ɗakin Amira. Da maƙwabta suka tambaya, aka ce ta'aziyya ta zo daga Jos. Kowa ya gane wannan dalilin.

An raba kayanta bayan arba'in, ban da kwalayen, waɗanda ba su iya jira ba. Su tun washegarin kiran Mama Ekaete, ranar Alhamis, Hajja Aisa ta zuba kifin a sama, ta ƙara turare a na Mama Ekaete, ta ɗaure da igiya. Malam Umara ya ɗauki alƙalami zai gyara adireshi, ya ga ba abin gyarawa, sai ya ƙara lambar waya a ƙarƙashin rubutunta. Modu ya kai biyu kasuwar kifi, aka ba direbobin da ke yin kudu. Na Lakwaja ya kwana biyu a hanya. Na Ibeno ya sauya mota sau uku, ya isa a kwana na shida, gefe ɗaya a jiƙe, amma kifin lafiya lau. Na Jos Talatu ta tafi da shi a cinyarta.

Atamfofi da mayafai aka raba wa 'ya'yan dangi, Amira ta zaɓi guda biyu da agogon hannu. Littattafan aikin gona aka kai ofishinsu. Kayan sa rana aka mayar gidan su Abdulmannan, suka dawo da su, aka sake mayarwa, a ƙarshe aka bayar sadaka da sunanta. Gadon da katifar aka ba wata marainiya da za ta tare. Koren littafin Hajja Aisa ta karɓa, ko da yake ba ta karatun boko, ta sa a ƙasan adakarta tare da tukunyar da aka yi gardama a kanta.

Abu na ƙarshe bai fito daga ɗakinta ba. Wata abokiyar aikinta, Asabe, ita ta kawo shi a baƙar leda, ta ce a aljihun teburinta aka samu. Ta ce ranar Talatar nan Salma ta makara kaɗan, don ta biya ta kasuwa, ta shigo tana dariya tana cewa ba za ta bari tsohon nan ya shiga teku da takalmin fata ba. Takalman roba ne na maza, masu maɗauri a dunduniya. A cikin na dama akwai tsinken tsintsiya guda ɗaya, an karya shi daidai.

Malam Umara ya ɗauki tsinken ya fita bakin ƙofa. Ya ɗora shi a kan takalminsa na fata, daga dunduniya zuwa baki. Ya yi daidai, ko gashi babu. Ta waje ta auna, don haka na robar sun fi ƙafarsa da kamar faɗin yatsa.

Tsinken ya soke shi a bayan ƙyallen taswira, ta ƙasa, wajen shuɗin. Takalman kuma ya ajiye su gefen randa. Da su yake alwala, sau biyar a rana. In ya taka suna ɗan kwaɓewa, Amira ta ce a kai wa mai gyara ya matse maɗaurin. Ya ce a bar su haka.